Ƙwaya Uku A Wajen Awo: Maganin Me Ake Ba Mai Ciki Alhali Lafiyarta Ƙalau?

Kin je awo. An auna ki, an duba hawan jini, an saurari bugun zuciyar abin da ke cikinki. Sai ma'aikaciyar jinya ta miƙo miki ƙwaya uku da kofin ruwa, ta ce ki shanye a gabanta. Ke kuwa ba zazzaɓi, ba ciwon kai. To, maganin me?

Macen da ta tashi inda sauro ya yi yawa, jikinta ya saba da maleriya, sau da yawa yakan danne ta ba tare da ta kwanta ba. Amma da ciki ya shiga, sai cutar ta samu sabuwar maɓoya, wato mabiyiya, wadda ta nan abinci da iska ke isa ga jariri. Ƙwayar cutar takan shiga jajayen ƙwayoyin jini, su kuma su je su manne a mabiyiya, su yi ta taruwa. Shi ya sa za a iya ɗibar jini a yatsa a gwada, a ce ba a ga komai ba, alhali can ciki ɓarna ake yi. Jinin uwa na raguwa a hankali, abincin jariri na ƙaranci. Daga nan sai a haife shi bai kai kilo 2 da rabi ba, ko ya zo bakwaini, wani ma ya zo babu rai. Mai cikin fari ta fi kowa shiga haɗari, don jikinta bai taɓa karo da irin wannan ba.

Ƙwayoyin nan uku su ne SP, wanda aka fi sani da Fansidar. Yana share ƙwayoyin cutar da suka riga suka ɓuya, sannan ya yi makonni a jini yana tare sababbi.

A da sau biyu kawai ake bayarwa. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya ƙa'idar: ba a sha a wata ukun farko, ana farawa daga mako na 13, a bar aƙalla wata guda tsakanin sha da sha, a ci gaba har haihuwa. Mafi ƙaranci sau 3. Ko kin ci abinci ko ba ki ci ba, za ki iya sha. Batun shanyewa a gaban ma'aikaciya kuwa ba rashin yarda ba ne. Maganin da aka tafi da shi gida, sau nawa yake ƙarewa a ƙasan jaka?

Abin takaicin shi ne, a ƙasashen Afirka da ke bin wannan tsari, masu cikin da suka sha maganin sau uku a 2023 ba su kai rabi ba. Wata ta makara ne, sai ciki ya kai wata bakwai ta fara awo. Wata ta zo a kan lokaci, ta tarar magani ya ƙare.

Akwai waɗanda ba a ba. SP na ɗauke da sinadarin salfa, don haka idan maganin salfa ya taɓa fito miki da ƙuraje ko ya kumbura miki jiki, ki faɗa tun kafin a miƙo. Haka mai cutar ƙanjamau da ke shan Septrin kullum, ba a haɗa mata su. Sai folik asid: ƙaramin da ake ba masu ciki, miligiram 0.4, ba ya hana komai, amma mai miligiram 5 yana rage ƙarfin SP.

Kuma SP rigakafi ne, ba maganin zazzaɓin da ya riga ya kama ki ba. Jiki ya yi zafi, a je a yi gwaji, a ba ki wanda ya dace da watannin cikinki. Gidan sauro ma yana nan daram, kowane dare.

In kin koma awo, ki duba katinki ki ga sau nawa aka rubuta kin sha. In wata ya cika ba a miƙo miki ba, ki tambaya.