Me Ya Sa Ake Rubuta Bakislash Sau Biyu?

Tun makon jiya ɗalibai masu koyon Python, wato wani harshen shirya manhajar kwamfuta, a nan Sakkwato suke turo mini hoton matsala iri ɗaya. Wata ɗaliba ta rubuta adireshin fayil ɗinta, "C:\nasara\takardu", amma da ta ce kwamfuta ta buga shi, sai "C:" ya tsaya a sama, "asara" ya faɗo layi na biyu, sannan wani fili ya buɗe kafin "akardu". Haruffa biyu sun ɓace, kuma babu saƙon kuskure ko ɗaya.

Wannan layin da ya jingina hagu, wanda ake kira bakislash, aikinsa a cikin alamomin zance irin na zagi ne a gaban sarki: yana sanar da cewa wanda ke biye da shi na daban ne. Tun daga harshen kwamfuta na C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a 1972, \n na nufin sabon layi, \t kuma fili. Shi kuwa Windows ya gaji wannan alama a matsayin mai raba sunayen folda daga MS-DOS na 1983, wato tsohon tsarin sarrafa kwamfuta da ya gabace shi, daga nan rikicin ya samo asali.

To, ga inda mutane ke tuntuɓe, ku natsu. Idan kun rubuta \\, ba haruffa biyu kuka ajiye ba. Na farkon sanarwa ce kawai, Python yana karanta shi ya jefar, na biyun ne ke shiga ƙwaƙwalwar kwamfuta. Ku gwada len("\\") da kanku, wato umarnin da ke ƙirga haruffa, za ku ga amsar 1 ce. Abin da kuke gani a allo daban, abin da aka ajiye daban.

Shi ya sa a regex, wato tsarin alamomin da ake neman kalmomi da su a cikin rubutu, ake rubuta bakislash huɗu domin neman guda ɗaya, domin masu karatun biyu ne: Python ya mayar da huɗu biyu, regex ya mayar da biyu ɗaya.

Ni dai na fi son sa harafin r kafin alamar zance, domin yana hana Python taɓa komai, kuma ido yana hutawa. Sai dai a kiyaye, irin wannan rubutu ba ya yarda ya ƙare da bakislash guda ɗaya.