Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Aikin Gona a Ziyarar da Ya Kawo wa Masu Kiwon Zabi

Mai girma Kwamishinan Aikin Gona, mai girma Hakimi, Allah ya ja zamaninka, dagatai da masu unguwanni, malaman gona, iyayenmu mata da sauran jama'a, assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin masu kiwon zabi na wannan gari, ina yi wa babban baƙonmu barka da zuwa, tare da godiya bisa yadda ya baro ayyukan ofis ya tako har bakin akurkinmu. Allah ya saka da alheri.

Ranka ya daɗe, iyayenmu ba su san sayen abincin zabo ba. Sakinsu ake yi su shiga saura su ci fari da gara da 'ya'yan ciyawa, da yamma a watsa musu ɗan gero don kada su manta gida. Yanzu gonaki sun cinye makiyaya, ga ɓarayi, ga rigima da maƙwabta a kan shuka, dole muka koma killace su. Wanda ya killace zabo kuwa ya ɗauki nauyin cikinsa, kuma a kiwon tsare kuɗin abinci ya fi rabin abin da ake kashewa gaba ɗaya.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne, ba duk abin da muke saye ke shiga cikin zabin ba. Zabo tsuntsu ne mai tono da firgita. Idan aka cika masa faranti da dusa da tsaki, sai ya sa baki ya yi ta watsi yana tsince ƙwayar da yake so, ya hau da ƙafa ya tone, wani abu kuma na motsi garken ya tashi fir, a kifar da farantin. Ni kaina na taɓa share ƙasan akurkina da magariba, na tankaɗe sharar da rariya, abin da na tara na dusa da waken suya ya sa na kasa cin tuwon dare. Hausawa na cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Mu nan albarkacin zabi ɓeraye da kurciyoyi suka yi ƙiba.

Gyaran da muka fara bai da tsada. Muna rataye mazubin abinci da igiya, bakinsa daidai da gadon bayan zabo, muna ɗaga shi yayin da suke girma, kuma ba ma zuba abin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na zurfinsa. Maƙerin garinmu ya lanƙwasa bakin mazubin zuwa ciki, ya ɗora ragar waya a sama, tono ya ƙare. Abin da a da muke juyewa lokaci guda, yanzu muna raba shi safe da yamma.

Inda ƙarfinmu ya gaza shi ne ajiya. Zabuwa da damina take yin ƙwai, kaza ta kwanta a kansa kwana 26 zuwa 28 kafin ƙyanƙyasa, wato 'ya'yan suna fitowa ne daidai lokacin da danshi ke sa buhun abinci fumfuna. Abincin da ya yi fumfuna, musamman mai gyaɗa ko masara, guba ne ga ƙananan zabi, sai dai a zubar da shi.

Saboda haka muna roƙon mai girma Kwamishina ya taimaka mana da ɗakin ajiya mai rufin da ba ya yoyo da katakon ɗora buhuna, ya kuma haɗa mu da masanan cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya, domin su koya mana haɗa abinci da abin da muke nomawa.

Bayan addu'a, za mu yi wa mai girma rakiya zuwa akurkin da ke bayan wannan rumfa, inda muka ajiye tsohon faranti da sabon mazubi gefe da gefe.

Wassalamu alaikum.