Darasin farauta: bi 'ya'yan itacen ok, za ka ga barewa

Jama'a, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Yau muna dajin kudancin jihar Ohayo a Amurka, an buɗe farauta da kwari da baka tun ƙarshen Satumba, kuma tambayar da ta fi yawa ita ce: me ya sa barewa ta daina fitowa gonar waken suya? Amsar tana ƙarƙashin ƙafata. 'Ya'yan ok, wani babban itacen daji mai ƴan ƙwallaye da barewa ke ci, sun fara zuba.

Matso da kyamarar nan. Kun ga ganyen nan? Gefensa a zagaye yake, babu tsini. Wannan farin ok ne. Wannan kuwa... a'a, bari in ɗauko wancan, ya fi fitowa sosai... kun ga kowane yatsa da ɗan tsini kamar allura? Jan ok ke nan. In ganye ya ruɗe ka, fasa ƙwallon. Cikin ɓawon jan ok akwai gashi-gashi, na fari sumul yake.

Bambancin a baki yake. Jan ok cike yake da tanin, sinadarin nan na bagaruwa da majema ke jeme fata da shi, shi ya sa yake da bauri. Na fari baurinsa kaɗan ne, barewa ba ta haɗa shi da komai. Sai dai ba ya jimawa, da ya faɗi ƙasa sai ya fara tsiro. Na ja kuwa yana kwance har sanyi ya wuce, don haka daga Nuwamba zuwa Disamba can za ka koma.

To, ku natsu a nan, don wurin nan yana rikita mutane. Farin ok fure da ƙwallo duk a shekara ɗaya yake yi. Jan ok sai ya yi shekara biyu. Ma'ana, in ƙanƙara ta ƙone fure a watan Afrilu ko Mayu na bana, farin ok ne zai yi fashi bana. Jan ok bana lafiya lau, don furensa na bara ne. Shi nasa fashin sai baɗi. Na sake faɗa? Ƙanƙarar bana, fari bana, ja baɗi.

Sannan shekarar da itatuwa suka yi 'ya'ya birjik, kamar duk shekara 2 zuwa 5, ita ce ta fi wuya. Barewa ta tashi daga makwancinta, taku kaɗan ta ƙoshi, me zai kai ta fili? Ni wallahi na fi son shekarar ƙaranci. Ka samu itace ɗaya mai zubarwa, kowa can zai zo.

Kada ka zauna don kawai ka ga farin ok. Duba ƙasa: ɗanyen kashi, hulunan ƙwallo a farfashe, ganye a hargitse. Ka kasa kunne ko kurege na ta sakowa daga sama. In ƙwallayen duk da ƴan huda, tsutsa ta riga ka, wuce gaba.

Ɗaura kujerar bishiya, wadda maharbi ke zama a kai a saman itace yana dako, kun iya, ba sai na nuna ba. Taku 20 daga itacen, iska na kaɗowa daga wajensa zuwa gare ka. Hodar gwada iska kuwa, kar ku ɓata kuɗinku, toka a ƴar kwalba ta isa. Igiyar ɗamara, mai riƙe ka kar ka faɗo daga bishiya, ita ce ban yarda a yi mata rowa ba. Mu gangara kwarin can, na hango wani jan ok da nake so ku gani.