Darasi: Sakamakon dashen gashi da yadda ake ɓoye tabon ƙeya

Assalamu alaikum masu kallo, barkanku da warhaka. Yau darasinmu a kan dashen gashi ne, kuma zan fi tsayawa a wajen da masu talla ba sa nunawa, wato ƙeya. Duk hoton da za ka gani na kafin dashe da bayan dashe, goshi ake ɗauka. Alhali gashin nan daga bayan kai aka ciro shi, kuma duk inda aka yanka fata ko aka huda ta, sai ta bar tabo. Babu dabarar dashe ko guda ɗaya da ba ta barin tabo. Wanda ya ce maka tasa ba ta bari, to ka kama gabanka.

Me ya sa ƙeya? Sanƙon gado, wanda shi ya fi damun maza, wani sinadari ne a jiki da ake kira DHT yake kawo shi. Yana bin saiwar gashin goshi da na tsakiyar kai yana tsumburar da ita, gashin ya riƙa sirancewa har ya daina fitowa. Saiwar ƙeya da ta gefen kunne kuwa ba ta cika jin wannan sinadarin ba. Wani likitan fata a birnin New York na Amurka, Norman Orentreich, shi ya wallafa a 1959 cewa idan aka ɗauko saiwa daga ƙeya aka kai ta goshi, tana tafiya da halinta na asali. Kafin shi ma, likita Shoji Okuda na Japan ya rubuta aikin dashe tun 1939. Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne, dashe ba ya ƙara maka gashi ko sili ɗaya. Kamar manomi ne ya tsige shuka daga inda ta yi cunkoso ya kai inda ba ta fito ba: gonar ɗaya ce, yawan shukar bai canja ba. Inda aka cire saiwa kuma, ba za ta sake tsirowa a wurin ba har abada.

To, mu zo kan sakamako, don nan ne hankalin mutane yake tashi. Makonni biyu zuwa takwas bayan aiki, gashin da aka dasa zai zube. Zai zube, malam, kusan dukkansa. Mutum ya duba madubi ya ga ya koma gidan jiya, wani ma har gashinsa na da da ke kusa da wurin ya ɗan kakkaɓe. Silin ne ya faɗi, saiwar tana nan a cikin fata tana hutawa. Wajen wata uku zuwa huɗu sai ka fara ganin tsiro, siriri, marar ƙwari. Gashi kuma kamar santimita ɗaya yake yi a wata, ba a yi masa gaggawa. Sai an kai shekara ake yanke hukunci, tsakiyar kai ma takan ja har wata 18. Kada kuma ka sa ran cikar da kake da ita kana saurayi. Abin da ake nema shi ne rufi da ido zai yarda da shi.

Gashinka na asali da ya rage a saman kai yana ci gaba da zubewa ko an yi dashe. Shi ya sa likitoci suke haɗawa da magani, Minoxidil na shafawa ko Finasteride na sha. Finasteride yana da illar da wasu suke gani, kamar raguwar sha'awa, kuma bai halatta ga mace mai ciki ba, saboda haka sai da likita. Idan ba a kula da wannan ba, sanƙon zai ci gaba a bayan layin da aka dasa, a sake komawa ƙeya neman saiwa, tabo ya ƙaru.

Yanzu tabon kansa. Hanya biyu ake ciro saiwa. Ta farko sunanta FUT: a yanko siririn tsirin fata daga ƙeya, a ɗinke wurin, a rarraba tsirin ƙanana ƙarƙashin madubin likita. Wannan tana barin layi ɗaya dogo, wani lokaci daga kunne zuwa kunne. Idan hannun likitan ya faɗa kuma fatar mutum ba ta da tauri, layin siriri ne ƙwarai. Idan aka yanko da faɗi aka ja fata da ƙarfi wajen ɗinki, ko mutum ya koma ɗaga kaya masu nauyi da wuri, layin yana buɗewa ya yi faɗi.

Ta biyu FUE, wadda likitoci William Rassman da Robert Bernstein suka yi bayaninta a rubuce a 2002. Ana amfani da ɗan bututu mai kaifi, faɗinsa wajen milimita ɗaya ko ƙasa da haka, a ciro saiwa ɗaya bayan ɗaya. Babu dogon layi, amma kowane rami ɗigon tabo ne. An ciro saiwa dubu uku, ɗigo dubu uku ke nan. Babban abin da nake jin takaicinsa shi ne asibitocin da suke kwasar saiwa fiye da kima a zama ɗaya don goshi ya yi kyau a hoto. Ƙeyar takan koma tsalli-tsalli, kuma gyaran wannan ya fi gyaran layin FUT wuya.

Masu baƙar fata da murɗaɗɗen gashi, ku saurara da kyau a nan. Na ɗaya, murɗewar gashin ba a waje kaɗai take ba, saiwar ma a lanƙwashe take cikin fata, saboda haka bututun yana iya datse ta idan mai aikin bai saba ba, kuma sau da yawa sai an ƙara faɗin bututun. Na biyu, ɗigon tabon yakan yi haske fiye da fatar, sai ya fito fili idan aka yi ƙwal-kwabo. Na uku, wanda ya fi komai muhimmanci, kiloyid, wato tabon nan da yake kumbura ya wuce iyakar ciwon. Idan ka taɓa samun irinsa bayan yanka ko hujin kunne, ko kana da ƙurajen nan masu tauri da suke fitowa a ƙeya bayan aski, ka faɗa wa likitan fata tun kafin a taɓa ka. Wasu likitocin sukan gwada ciro 'yan kaɗan, a jira watanni a ga yadda fatar ta warke. Wani mutumin ma haƙura da dashen shi ne alheri gare shi.

To idan tabon ya riga ya samu fa? Da farko haƙuri. Sabon tabo ja ne ko duhu, yana da tauri, kuma yana ɗaukar kusan shekara kafin ya kwanta. Kada ka yarda a sake taɓa shi kafin nan, sai dai in kumbura yake yi. Mai kumburi ana yi masa allurar da ke kwantar da kumburin a cikin tabon, da man silikon na shafawa, wani lokaci da hasken leza don ya yi laushi.

Hanya mafi sauƙi ita ce tsayin gashi. Siririn layi, gashi na santimita ɗaya ko biyu yana rufe shi. Ka gaya wa mai askinka inda layin yake, kada ya sauko da kilifa can. Akwai kuma garin gashi da ake barbaɗawa, yana maƙalewa a jikin silin da ke kusa ya rage hasken wurin. Na wuni ɗaya ne, wanka yana tafiya da shi, kuma sai da gashi a gefe yake kamawa.

Wanda yake son askin ƙasa-ƙasa, a ganina abin da ya fi yi masa amfani shi ne SMP. Ana ɗiga tawada ta musamman da siririyar allura a saman fata, ɗigo-ɗigo, su yi kama da gashin da aka aske ya fara tsirowa. Ba ta nitsewa kamar zanen tatu. Ana yin zama biyu zuwa huɗu, kuma bayan 'yan shekaru launin yana kwanciya, sai an sabunta. Tabo ba ya shan tawada kamar lafiyayyar fata, wani wurin ta bazu, wani wurin ta ƙi zama, shi ya sa nake cewa a nemi wanda ya saba aiki a kan tabo, kuma ya nuna maka aikinsa da ya warke a kan fata irin taka. Idan aka nitsa allurar da yawa, ɗigon yana bajewa ya koma shuɗi-shuɗi. Ka kuma sani launi kawai take gyarawa. Tabon da ya yi tudu ko ya lotsa, haske zai ci gaba da tona shi.

Ana kuma iya dasa gashi a cikin tabon kansa ta hanyar FUE, a ɗauko daga ƙeya ko daga ƙasan gemu. Jini ba ya gudu sosai a cikin tabo, saboda haka ba duka saiwar ke kamawa ba, ana dasawa jefi-jefi, a kan ma sake zagaye na biyu. Da yawa suna haɗa wannan da SMP, gashin ya karya layin, tawadar ta cike tsakani, kuma haɗin yakan fi kowanne shi kaɗai kyau.

Saura tiyatar gyara: a yanke tsohon tabon a sake ɗinkewa. Akwai salon ɗinki da ake shafce bakin fata ɗaya kaɗan a ɗora ɗayan a kai, gashi ya tsiro ta cikin layin. Yana taimakawa idan fatar tana da sauran sassauci. Idan tauri ne ya buɗe tabon tun farko, zai iya sake buɗewa, saboda haka likita ya motsa fatar ƙeyar da hannu ya auna kafin ya ce eh.

Mai shirin zuwa dashe, ga abin da za ka tambaya ranar ganin likita. Ka ce a nuna maka hotunan ƙeyar mutanen da aka yi wa aiki, bayan shekara guda, da gajeren aski, a fata da gashi irin naka. Ka tambayi saiwa nawa za a cira, nawa za ta rage idan sanƙon ya ci gaba. Ka tambayi wa zai riƙe bututun da hannunsa, likitan ne ko ma'aikatansa. Sannan ka faɗa masa irin askin da kake so ka riƙa yi nan gaba, domin mai son ƙwal-kwabo da mai barin suma ba hanya ɗaya ta dace da su ba.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a darasi na gaba, ku huta lafiya.