Katalis ɗin da ya gaji: mutuwa ya yi ko suma?

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, sannunku da zuwa.

Mu mutanen Maraɗi ba sai an koya mana aikin dillali ba. Ya haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya faɗa, shi kuwa ya koma rumfarsa yana jiran na gaba. Haka katalis yake a masana'anta: yana hanzarta haɗuwar sinadarai, shi bai ƙare ba. Matatun mai irin ta SORAZ a Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 don tace ganga 20,000 a rana na ɗanyen man Agadem, da shi suke farfasa mai mai nauyi ya zama esansi.

Amma dillali ma yana gajiya. Katalis ɗin farfasa mai gari ne na ziyolit, wani irin ma'adini, cike da ramukan da ido ba ya gani, kuma cikin ramukan aikin yake. Yau da gobe, baƙin gawayi ya toshe su, kamar kunkunniya a rufin madafa. Sai injiniya ya tsaya yana tambaya: a zubar, ko a farfaɗo?

Nan awon zafi yake shigowa. Sikeli ne mai tsananin ji, a cikin 'yar tanda. Kotaro Honda ya ƙera irinsa a Japan tun 1915. Ka ɗora miligiram 10 ko 20 na katalis ɗin da ya gaji, abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ka riƙa ƙara zafi digiri 10 kowane minti, na'ura tana rubuta nauyin da ya rage. Kafin digiri 200 ruwa ya fita. Kada ka yi murna, wannan laima ce kawai, ɗalibai da yawa nan suke ruɗewa. Daga nan ragowar mai da ya laɓe a ramuka ya tashi. Duk wannan cikin iskar naitirojin ake yi, don kada kome ya kama wuta. Sai ka sako iska mai oksijin, gawayin ya fara ci, galibi tsakanin digiri 400 da 650. Nauyin da ya ɓace a nan shi ne yawan gawayin. Matakin zafin da ya ci kuma ya fi yawansa muhimmanci a wurina: wanda ya ci da wuri sabo ne, mai taushi, wanda ya yi taurin kai sai zafi ya yi sama, ya riga ya ƙeƙashe. Daga nan kake sanin zafin da za ka ƙona shi da shi ba ka lalata ramukan ba.

Ɗan'uwa, na ga hannunka, kana tambaya ko sikelin yana faɗin kome. Eh, akwai abin da sikelin ba ya faɗi. Ƙarafan nikel da banadiyom da suka zo cikin ɗanyen mai ba sa ƙonewa, nan suke zama. Banadiyom rusa ziyolit yake yi. Kana iya ƙone gawayin tas, katalis ya yi fari, ka mayar da shi aiki ya ƙi motsi. Shi ya sa a ɗakin bincike, bayan awon zafi, sai an auna ƙarafan da faɗin ramukan kafin a rubuta wa matata amsa.