Laccar tsohon majo ga ɗaliban tarminal: aikin anfirme da abin da ke cikinsa

Wani tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya, ne ya yi wannan laccar a nan Maradi gaban ɗalibai da iyayensu, na rubuto ta daga murya kamar yadda ya faɗa.

Assalamu alaikum. Iyayena, ƴan uwana, da ku ɗiyana, sannunku da zama cikin zafin nan. Yau 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, an ɗauko ta ne daga ranar haihuwar Florence Nightingale a 1820, to shi ya sa na ce bari mu yi maganar aikin nan tsakaninmu.

Abin da ke ci mani rai shi ne yaro ya zo ya ce mani Baba na nemi abu kaza ban samu ba, bari in je in yi anfirme kawai. Wallahi duk sanda na ji wannan kawai ɗin sai raina ya ɓaci. Bari in ba ku labarin dare guda. Watan Agusta ne ina gardi a wata CSI, wato ƙaramar likita, ta ƙauye, ruwa ya yanke hanya, wajen ƙarfe biyu na dare aka kawo yaro bisa amalanke, jikinsa kamar garwashi yana ta jijjiga, uwar ta riƙe zanenta da haƙori don kada ta yi kuka. Babu dokta, ni kaɗai ne da mai gadi yana haska mani da tocila. Na soki ɗan yatsansa na yi gwajin palu, layi biyu suka fito, sai neman jijiya, kuma duk wanda ya taɓa neman jijiyar yaron da ruwan jikinsa ya ƙare ya san abin da nake faɗi, na duba hannu babu, na duba ƙafa babu, sai a fatar kai na samu. Na yi masa allura na zauna gefensa ina ƙirga numfashi har aka kira assalatu. Da hantsi ya buɗe ido ya nemi nono. Wanda ya shigo da kawai ba zai iya wannan zaman ba.

Maganar buƙata kuma, ba sai na cika ku da lissafi ba. Hukumar lafiya ta duniya OMS a rahotonta na 2020 ta ce duniya na da ma'aikatan jinya wajen miliyan 28 amma akwai giɓin miliyan 5.9, kuma mafi yawan giɓin a ƙasashe irin namu yake. Mu nan ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 a jihar Maradi, ku duba yawan sunan da ake yi kowace safiya a Zariya da Bagalam ku ƙiyasta yau. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta za a duba su, uwaye suka yi ta zuwa, to wa zai duba su? Ku je Madarunfa ko Dan Isa lokacin damana ku ga yaran tamowa, ana ɗaura masu ma'aunin nan a dantse yana faɗawa cikin ja. Ku je Danja ku ga matan yoyon fitsari, da yawansu doguwar naƙuda ce ta jawo masu, da an samu wanda ya gane da wuri ya tura su asibiti da ba a kai nan ba.

Hanyar shiga, mai BEPC yana iya yin ASB, wato karatun ƙaramin ma'aikacin lafiya, mai bak ya yi lisans ta aikin jinya shekara 3. Akwai ENSP, makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati, ta Yamai da ta Damagaram, akwai kuma makarantu masu zaman kansu da yawa. Iyaye don Allah, kafin ku sayar da gero ko akuya ku biya kuɗin makaranta ku bincika ko gwamnati ta amince da ita, ku tambayi ina ɗalibanta ke zuwa sitaj, don hannu a gefen gadon mara lafiya yake koyo.

Ba zan ɓoye maku ba, bayan difloma ana iya daɗewa ana aikin sa kai ko kwantiragi kafin a samu matirkil, wato lambar zama cikakken ma'aikacin gwamnati, kuma aikin farko galibi ƙauye ne. Ku ƴan mata musamman, ku yi wannan maganar da iyayenku da wanda zai aure ku tun yanzu, ku ce masa akwai gardin dare, akwai ranar salla da za ki yi a bakin aiki. Muna buƙatarku ƙwarai, don akwai macen da za ta kwana uku da ciwo ba ta faɗa ma namiji ba, amma tana ganin ƴar uwarta da farar riga sai ta buɗe baki.

To, na ga hannu can baya. Ɗiyata, taso ki matso kusa, kunnen nawa ya fara nauyi.