Kuɗin Kare Halittu: Panda Ta Samu, Ungulu Ta Rasa

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? To, madalla.

Wa ya ga ungulu a mahauta bana? Ɗaga hannu. Mutum biyu kacal. Muna yara, sai mahauci ya yi ta korarsu da sanda kafin ya gama fiɗa, sun jeru bisa katanga, kai a sanƙe, suna jiran hanji. Yau sun yi ɓatan dabo. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai riƙe da kundin halittun da ke cikin haɗari, ta sa ungulun nan tamu cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Wa ya taɓa jin an yi mata gidauniya?

Ku dubi panda ta ƙasar Sin. Tun 1961 hotonta ne tambarin WWF, asusun kare namun daji na duniya. An keɓe mata dazuzzuka, gidajen zoo na Turai da Amurka suna biyan wajen dala miliyan ɗaya a shekara don aron guda biyu. A 2016 aka sassauta matsayinta a kundin. Ba hassada nake mata ba, wallahi. Kuɗi na aiki: raƙuman dawa na Kure a Nijar sun ragu zuwa 49 a 1996, da aka kula da su sun haura 600.

Abin da ke damuna shi ne ma'aunin rabon. Mai ba da tallafi hoto yake kallo, a ba shi dabba mai manyan idanu da laushin gashi. Kwaɗi da danginsu, kashi 41 cikin ɗari na cikin haɗari, amma wa zai manna kwaɗo a jikin riga?

Ga shi kuwa ungulu ba ta jewar banza. A Indiya, maganin shanu mai suna diclofenac ya kashe fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'inta kafin a hana shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan titi suka hayayyafa, cutar haukan kare ta ƙaru.

Muhalli ma haka. Kurmi ya fi fadama farin jini wajen masu kuɗi. Fadamar Haɗejiya da Nguru tana ciyar da masunta, manoma da makiyaya, tana saukar tsuntsaye daga Turai, amma tun gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyarta ta ragu, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, masunci na tura kwalekwale da gora da ƙyar.

An miƙo mini takarda, wai lokaci ya ƙure. Malama, ke da kika ɗaga hannu, a wace mahautar kika gan ta?